An yi ma yayana aikin ƙaba, mun dawo gida: mi za mu yi, mi za mu bari?

Ɗan Ader: Assalamu alaikum jama'ar zaure, ina wuninku. Shawara nike nema don Allah. Ranar Litinin anka yi ma yayana aikin ƙaba ta gefen dama, jiya Laraba sunka sallame mu, yanzu shina gida nan Tawa. Tun da munka iso gidan ya rabu biyu, Inna ta ce shi kwanta kada shi motsa sai ya yi arba'in kamar mai jego, ba wanka, ba ƙwai, ba gujiya, ba nama mai kitse, wai su ke kawo ɗiwa a miki. Shi kuma likita da bakinsa ya ce ma shi ya riƙa takawa kaɗan kaɗan. Ga shi tun ranar aikin bai zaga ba, cikinsa ya yi tam, kuma ƙasan ya kumbura ya yi baƙi baƙi, shi kunya ta hana shi faɗi sai ni ya kira ɗaki ya gwada mini. Wanda ya san abin ga ya taimaka mana

Hajiya mai atamfa: Wa alaikumus salam. Sannunku da jinya, Allah ya ba shi lahiya ya sa kaffara ne

Direban Konni: Amin. Ɗan uwa ku bi maganar likita, ni ma an yi mini, tun washegari majo, wato babban ma'aikacin jinya, ya ɗaga ni ya ce taka zuwa bakin ƙofa ka dawo. Kwanciyar nan ita ke ƙara ɗaure ciki

Tsohon Majo: Ɗan Ader sannu. Bari in fara da tambaya kafin in ce komi. Yana fitsari lafiya? Yana fitar da iska? Akwai amai ko zazzaɓi? Kuma wane magani yake sha, ka duba ordonans ɗin ka faɗa mini sunayensu duka har da wanda ba likita ya rubuta ba

Ɗan Ader: Baba Majo fitsari lahiya lau, iska ma shina fitarwa, ba amai, jiki ba zahi. Magani akwai parasetamol da wani na kashe ƙwayoyin cuta da sunka rubuta, sai kuma abokan aikinsa na tasha sun kawo masa tramol sun ce shi ad da ƙarhi, ya sha tun jiya

Tsohon Majo: To alhamdu lillahi, tunda iska na fita kuma ba amai hanjin na aiki, hankalina ya kwanta ta nan. Amma tramol ɗin nan na tebur a ajiye shi yau ɗin nan. Shi da kodin suna daga cikin magungunan da suka fi ɗaure ciki, mutum ya zo zagawa ya yi ta nishi yana yunƙuri, kuma yunƙurin nan kai tsaye kan ɗinkin yake sauka. Ban da wannan, na tebur ba ka san ƙarfinsa ba, wani kwali an rubuta miligiram 200 ko 225 alhali na asibiti ƙwaya ɗaya 50 ce. Ga haɗarin sabo, mun ga samari nawa a garin nan da suka fara da sunan ciwo. In parasetamol bai isa ba a koma a faɗa wa likita shi ya ƙara abin da ya dace. Parasetamol ɗin kuwa babban mutum na iya shan ƙwaya biyu na miligiram 500 a lokaci ɗaya, a bar awa 6 tsakani, kada ya wuce giram 4 a yini, wato ƙwaya 8, don hanta.

Maganar zagawa: ruwa da yawa, da zafin nan na Tawa mutum na kwance ma gumi na tsiyaya, in bai sha ba bayan gida sai ya bushe. A ba shi miyar kuɓewa ko ta kuka, kwaɗon zogale, kankana, gwanda in an samu, dabino a jiƙa shi. Ya rage shinkafa tsura da burodi. Kuma ya taka, tafiya ita ke tada hanji. In ya kai gobe da yamma shiru, ku je farmasi ko ku koma asibiti a ba shi mai tausasa bayan gida, kada a ba shi jiƙon da ke sa zawo mai murɗa ciki

Ɗan Ader: Na gode Baba. To kumburin fa? shi ya fi tada mana hankali wallahi

Tsohon Majo: Wannan ana ganinsa sosai bayan aikin ƙabar matsematsi. Ɗan jinin da ya tsiyaya wurin aiki ne ke gangarowa ƙasa ya taru a fatar maraina, sai wurin ya yi baƙi ko shuɗi shuɗi, daga baya ya koma ruwan ɗorawa ya baje a cikin sati biyu ko uku. Ya sa ɗan kamfai mai ɗan matsewa da zai tallafe wurin, ba walki sakaka ba, in ya kwanta ya naɗe ɗan tawul ya tokare. Abin da zai sa ku tashi ku tafi ba jira shi ne in kumburin na ƙaruwa da sauri ya yi tauri, ko ciwon na hauhawa maimakon ya ragu, ko wurin ya yi ja da zafi

Maman 'yan biyu: Ni dai kada ku raina maganar Inna gaba ɗaya. Tsofaffinmu sun ga jiya sun ga yau. Mijin ƙanwata an yi masa, ya ƙi zama, ya koma aiki, shekara ba ta zagayo ba abin ya sake fitowa wuri guda, sai da aka sake yanka shi. Da ya kwanta kamar yadda aka ce masa da bai ga haka ba

Direban Konni: Maman 'yan biyu wane aiki ya koma? nan take maganar

Maman 'yan biyu: Magini ne, bulo yake ɗauka da buhun siminti

Direban Konni: To kin gani. Buhun siminti kilo 50 ne. Takawa tsakar gida daban, ɗaukar siminti daban. Ba wanda ya ce yayan Ɗan Ader ya tafi tasha gobe

Maman 'yan biyu: Ai mazan nan in ka ce musu taka sai su ji ka ce ruga. Gara a tsorata su su kwanta, na san halinsu

Ɗalibar likitanci, Yamai: Salamu alaikum iyayena da yayyena, ku yi haƙuri in sa baki. Mama na gane tsoronki kuma yana da tushe, amma kwanciya arba'in tana da nata haɗari wanda ba a gani da ido. Mutum in ya daɗe kwance bayan tiyata jini na iya daskarewa a jijiyar ƙafa, ƙwauri ɗaya ya kumbura ya yi ciwo, in gudan jinin ya ɓalle ya tafi huhu yana iya kashewa nan take. Huhu ma ba ya buɗewa sosai a kwance, majina ta taru, tari ya zo, tarin kuma ya bugi ɗinki. Shi ya sa ake tada majinyaci tun ranar farko ko ta biyu. Don haka a raba abu biyu: motsi ana so, nauyi da yunƙuri su ake hanawa.

Abin da ke ruɗin mutane fata ce. Fatar waje tana haɗewa cikin kwana 7 zuwa 10, a cire zare, mutum ya duba ya ga wuri ya rufe ya ce ai na warke. Alhali aikin gaske a ciki yake, inda aka ɗinke bangon ciki ko aka shimfiɗa raga, shi kuwa sai ya ɗauki makonni kafin ya yi ƙarfi. Kamar tubalin laka ne da aka buga jiya, bayansa ya bushe amma in ka taka shi za ka ga cikinsa da ɗanye

Ɗan Ader: Ƙanwata wace raga kuma? ni na ji likita ya ce sun sa masa wani abu a ciki amma ban gane ba, Inna ma in ta ji an bar abu cikin cikinsa ba za ta yi barci ba

Ɗalibar likitanci, Yamai: Yaya ita ƙaba asalinta rauni ne a bangon ciki wajen matsematsi, sai hanji ko kitsen ciki ya samu ƙofa ya turo. In an maida shi ciki dole a toshe ƙofar. Hanya ɗaya a jawo naman wurin a ɗinke shi da zare, hanya ta biyu a shimfiɗa wani ɗan yanki mai huda huda na roba ta musamman a kan wurin, naman jiki ya tsiro ya shige cikin hudojin ya riƙe shi. Yawanci ba a cire ta, nan take zama har abada, ba ta ruɓewa, kuma da ita ƙabar ta fi wuyar dawowa. Ku duba karne ɗinsa, wato littafinsa na asibiti, ko ku tambaya ranar randebu wace iri aka yi masa, yana da kyau mutum ya sani ko don gaba

Ɗan cin rani, Abijan: Ni fa ina da ja a nan. Wani abokina a Faransa aka yi masa, da safe ya shiga da yamma ya fito, sati ɗaya ya koma aiki, likitansa ya ce masa ka yi duk abin da jikinka ya yarda da shi. Mu nan sai a ce wata biyu wata uku. Ko dai likitocinmu ne ke tsoratar da mutane?

Ɗalibar likitanci, Yamai: Maganarka akwai gaskiya yaya, yanzu likitoci da yawa sun rage tsawon hutun da suke bayarwa, kuma ba kowace ƙaba da ta dawo ba ce laifin ɗaukar kaya, akwai yadda aka yi aikin, akwai miki da ya yi ɗiwa, akwai taba, ƙiba, tari mai daɗewa. Amma abokinka wane aiki yake yi? Kuma mai yiwuwa da kamara aka yi masa ta 'yan ƙananan huda uku, ƙabar tasa ma tana ƙarama. Mu nan mutum sai ya shekara biyar goma yana fama, ta sauko har ƙasa ta yi girma kafin ya zo asibiti, ƙofar ta yi faɗi, naman wurin ya saki. Ba za a ba su hutu iri ɗaya ba

Tsohon Majo: Ɗiyata ta faɗi daidai. Mai zama biro sati ɗaya zuwa biyu ya ishe shi. Mai aikin ƙarfi abin da aka saba faɗi sati 4 zuwa 6, wani likita ya ƙara in ƙabar babba ce ko ta biyu ce. Wanda ya buɗe wurin ya gani da idonsa shi ya fi mu sanin naman da ya tarar, a tambaye shi. Ɗan Ader mi yayanka ke yi?

Ɗan Ader: Baba lodi yake yi, buhunan albasa, su ke cika kamiyo masu tahiya Gana da Abijan. Kuma yanzu ne lokacin, albasar Galmi da ta Tamaske na ta fita. Nan matsalar take gaskiya, ɗiyansa shida, ranar da bai fita ba ba a ɗora tukunya. Kuɗin aikin ma sai da munka saida tumaki biyu. Jiya da dare shina lissahi wai in anka cire zare ya koma ko da rabin buhu ne

Direban Konni: Inna lillahi. Buhun albasar nan da ake ɗinka ma hula a kai ya fi kilo 100, mutum biyu ke ɗora ma ɗaya a wuya ya hau katako da shi. Wane rabin buhu? Ka ce masa ni na ce kada ya kuskura

Hajiya mai atamfa: To ai ga inda ya kamata a tsaya a yi magana, duk sauran mai sauƙi ne. Mu yi ta cewa ya huta ya huta, in ba hatsi a gida wallahi ba zai huta ba, zai saci jiki ya fita da asuba. Ɗana Ɗan Ader ku 'yan uwa nawa ne? Ku zauna daren yau ku yanke abin da kowa zai kawo na wata ɗaya da rabi, wannan tiya biyu ta gero, wannan kuɗin cefane, wanda ke waje ya aiko. Ku faɗa masa a gabansa ya ji da kunnensa, don hankalinsa ya kwanta. In matarsa na cikin adashe a roƙi uwar adashe a ba ta kwasar wannan karon, ana yi, ni na sha yi ma mata

Mai kabu-kabu: Kuma shugaban 'yan lodi ai yana iya ba shi aikin zaune, ƙidayar buhu ko riƙe littafi ko ɗinkin bakin buhu, in ya yi sati biyu. Ana yi ma tsofaffi haka. Ku je ku same shi da girmamawa

Ɗan Ader: Wallahi wannan shawara ta yi, ban yi tunanin ƙidaya ba. Hajiya mu huɗu ne maza, guda na Libiya guda na Kamaru, zan kira su yau in sha Allah

Malam na zaure: Assalamu alaikum. Allah ya ba da lafiya. Na ga ba a taɓo sallah ba kuma na san za ta dame shi. Addini bai matsa masa ba. Sahabi Imrana ɗan Husaini yana fama da basir ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, aka ce masa ya yi sallah a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kan gefensa, hadisin na cikin Buhari. To yayanka in ruku'u da sujada na ja masa miki ya zauna a kujera ya yi nuni, ya sunkuya kaɗan a ruku'u, ya ƙara sunkuyawa a sujada. Alwala ba ta kai wurin mikin ba, sai ya yi abarsa yadda ya saba, a ɗora masa buta kan wani abu mai tudu kada ya yi dogon tsuguno. In wanka ya wajaba kuma likita ya hana ruwa taɓa wurin, akwai shafa a kan bandeji akwai taimama, ku tambayi malamin unguwarku ya gwada masa

Ɗan Ader: Allah ya saka Malam. Jiya ya matsa sai ya yi sujada ƙasa, da ƙyar ya tashi yana riƙe da bango

Tsohon Majo: Tunda Malam ya kawo wanka bari in ƙarasa. Hana wanka kwana arba'in da zafin watan nan shi ne zai kawo ɗiwar da Inna ke tsoro. Ya riƙa goge jiki da tsumma da sabulu kullum, sama da ƙasa, a kewaye pansama, wato bandejin da aka rufe mikin da shi, kada ta jiƙe. In ta jiƙe da ruwa ko gumi ko ta ɓanɓare, a canza ta, kada a bar ta tana dafa mikin. Wanda zai canza ya wanke hannu da sabulu, kompires sabo daga cikin leda, betadin, a goga daga kan mikin zuwa waje ba daga waje zuwa ciki ba, a rufe. In ba ku da tabbas ku je likitar unguwa su yi, ba tsada. Don girman Allah kada a sa toka, kada a sa man shanu, kada a barbaɗa garin kapso, kada a gasa da ruwan zafi irin na masu jego. Na ga miki mai kyau da aka lalata da garin magani, sai da aka warware zare aka matse.

Ƙwai da nama da gujiya kuwa ba su kawo ɗiwa, ƙwayoyin cuta ke kawo ta, daga hannu mai datti ko bandeji mai datti. Jiki da abincin nan yake gina sabon nama. A ba shi ƙwai, wake, kifi, nono, romon kaza in da hali, furarsa ma ya sha in ruwan mai tsabta ne. Mai ciwon sukari ne kawai sai ya lura da sukarinsa sosai don miki ba ya son sukari ya hau

Maman 'yan biyu: Majo to wa zai faɗa ma Inna wannan? In ɗanta ya faɗa cewa za ta yi yaran zamani sun raina ta

Hajiya mai atamfa: A ba ta aiki a hannunta. A ce mata likita ya ce ita za ta riƙa dama masa kunu da miyar kuɓewa, ita za ta tsare ƙofa kada ya ɗauki ko bokiti, kada yara su hau masa ciki. Tsoro ne ke sa ta, ɗanta aka yanka. Kuma ranar randebu ku tafi da ita ta ji daga bakin likita

Mai kabu-kabu: Tambaya ta wajen sana'ata. In za su koma asibiti ya hau moto ko a'a? Hanyoyin cikin kartiye duk rairayi da ramu

Direban Konni: Kada ya hau. Ɗaga ƙafa a haye moto kaɗai ya isa, balle girgiza. Su nemi taksi ko mai mota a unguwa, ya zauna gaba ya ɗan kwantar da kujera, ya riƙe matashi a kan mikin. Ni tuƙi ma sai da na ji zan iya taka birki da ƙarfi ba tare da na ji ya soke ni ba sannan na koma, haka likita ya ce mini in gwada a mota tana tsaye

Tsohon Majo: Matashin nan yana da amfani ko a gida. Duk lokacin da zai yi tari ko atishawa ko dariya ya danna shi a wurin, ko tafin hannunsa. Tashi daga kwance kuma kada ya miƙe kai tsaye da ƙarfin ciki, ya juya gefe, ya sauko da ƙafafu, ya tura da hannu. In katifar a ƙasa take ku samo masa gado ko ku ɗaga ta, tashi daga ƙasa na da wuya a satin farko. Salga ma haka, in za ku iya samun kujerar roba ku huda tsakiyarta ku ɗora a kai zai ji sauƙi. Yana shan taba?

Ɗan Ader: Shina sha Baba, amma tun asibiti bai taɓa ba

Tsohon Majo: To ya riƙe hakan, taba na rage jinin da ke kai wa miki kuma ita ke kawo tarin

Wani bawan Allah: Ku gafarce ni da tambayar da zan yi, na san akwai iyaye a nan. Ni ma ina da ita shekaru, abin da ya hana ni zuwa ana cewa in an yi aikin namiji ba ya ƙara iya komi, wasu ma sun ce haihuwa na tsayawa. Gaskiya ne?

Direban Konni: Ɗan uwa bayan nawa aikin an yi mini haihuwa, lafiya lau. Je ka a duba ka

Ɗalibar likitanci, Yamai: Ba abin kunya ba ne yaya, wannan tsoron ya hana maza da yawa zuwa. Jijiyoyin da ke riƙe da ƙarfin namiji ba ta wurin da ake yankawa suke bi ba. Abin da ke bi ta wurin shi ne igiyar maraina, likita na ganinta yana kauce mata, samun matsala a nan abu ne da ba a cika gani ba. Iyali kuma yawanci bayan kamar sati biyu in ciwo ya lafa ana komawa a hankali. Abin tsoro na gaske shi ne zama da ita: ranar da hanji ya fito ya maƙale ya ƙi komawa, jini ya daina kai masa, cikin awoyi yana iya mutuwa, sai a yi aikin gaggawa a yanke hanji, wani ma ba ya kai asibiti in daga ƙauye mai nisa aka taso. In ka ga ta fito ta yi tauri ta ƙi komawa, ga ciwo ga amai, ko tsakar dare ne ka tafi. Kuma ba kai kaɗai ba ne, kusan namiji ɗaya cikin huɗu na samunta a rayuwarsa, mata sun fi ƙaranci sosai

Wani bawan Allah: Na gode ƙanwata, Allah ya ba da sa'ar karatu. Bayan damina in sha Allah

Tsohon Majo: Me ya sa sai bayan damina? Noma da hauya da ita a jikinka shi ne lokacin da ta fi maƙalewa. Ka je a duba ka yanzu ko ba a yi aikin ba, likita ya gani ya faɗa maka ko tana iya jira

Ɗan Ader: Jama'a ina kwananku. Labari mai daɗi, da asubar nan ya zaga, ba wahala sosai. Tramol na karɓe na ɓoye. Jiya da yamma ya taka har ƙofar gida ya zauna kan tabarma da maƙwabta, Inna na bisa kansa tana faɗa amma ta bari. Na Libiya ya ce zai aiko, na Kamaru bai ɗauka ba tukuna. Abu guda, in ya shafa ƙarƙashin ɗinkin shina jin wani tauri kamar igiya, kuma fatar wajen cinya ta mutu ba ya jin taɓi sosai. Ko ita ce ta dawo?

Tsohon Majo: Madalla. Taurin nan da ke bin tsawon ɗinki naman warkewa ne, zai ma ƙara tauri kafin ya saki, yana kai wata biyu ko uku. Mutuwar fata kuma ƙananan jijiyoyin fata ne da aka taɓa, yawanci tana raguwa a hankali, wani ɗan wurin na iya daɗewa. Ƙaba in ta dawo alamarta daban, kumburi ne mai fitowa in ya tsaya ko ya yi tari ya koma in ya kwanta. Duk da haka ku gwada ma likita ranar cire zare. Kafin ranar, ka sayi abin awon zafi a farmasi ka riƙa auna shi safe da yamma, don ɗiwa ta fi bayyana daga kwana na huɗu zuwa sati ɗaya ko biyu. In zafin jikin ya kai digiri 38, ko mikin na fitar da ruwa mai wari, ko jan na faɗaɗa, ko ya kasa fitsari, ko amai da kumburin ciki, ko ƙwauri ɗaya ya kumbura, ko numfashi ya yi masa wuya, kada ku tsaya rubuto mana, ku tafi asibiti

Maman 'yan biyu: Alhamdu lillahi. Ni dai ina nan kan bakata ta wajen guda, ku sa masa ido ranar da aka cire zaren nan, ranar ce zai ce ya warke

Ɗan Ader: Mama ai ya riga ya fara, wai gonarsa ta wajen Kalfu in ruwa ya sauka wa zai yi shuka

Ɗan cin rani, Abijan: Shuka ai sai a yi masa gayya. Ina cikin masu sayen goro da furar masu aiki, ka turo mini lambarka ta gefe

Mai kabu-kabu: Ni kuma ranar randebu ka kira ni, ba moto ba, akwai maƙwabcina mai taksi zan yi masa magana. Wace rana ce?

Ɗan Ader: Laraba mai zuwa da ƙarfe takwas sunka rubuta. Inna ta ce za ta je, sai a samu mota mai wurin mutum uku